Leonard Cheshire: Daga Jefa Bom Zuwa Jinyar Marasa Gata

Gabatarwa

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suka fi sani da Yaƙin Hitila, da wuya a sami wani sashe na mayaƙan Ingila da mutuwa ta yi wa ɓarna kamar samarin da suka yi aiki a jiragen sama masu jefa bom. Kimanin mutum 125,000 ne suka tashi cikin waɗannan jirage daga 1939 zuwa 1945, a cikinsu kuwa mutum 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba, watau kusan 44 ke nan cikin kowane ɗari. Bugu da ƙari, kusan mutum dubu goma sun faɗa hannun Jamusawa sun zama fursunonin yaƙi.

Daga cikin waɗanda suka tsira akwai wani matuƙi mai suna Leonard Cheshire, wanda ya kai hari sau ɗari, alhali kuwa yawancin abokan aikinsa ba su kai talatin ba. Bayan yaƙi sai ya ajiye kakin soja, ya shafe shekara arba'in da huɗu yana hidimar marasa lafiya da naƙasassu. Mutane da yawa kan ɗauka cewa ganin ɓarnar yaƙi ne ya sa ya yi nadama ya tuba, har ya shiga aikin jinƙai domin ya wanke hannuwansa. Labarin yana da daɗin ji, amma shi mai labarin bai taɓa yarda da shi ba. Idan aka bi tarihinsa daki daki za a tarar hali ɗaya ne ya tafi da shi a yaƙi da bayan yaƙi, watau ba ya yarda ya yi aiki daga nesa, sai ya matso kusa ya gani da idonsa, ko da kuwa kusantar za ta jawo masa halaka.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Geoffrey Leonard Cheshire a garin Chester na ƙasar Ingila ran 7 ga Satumba 1917, amma a kusa da birnin Okusfod ya tashi. Mahaifinsa, Geoffrey Cheshire, shahararren malamin shari'a ne a Jami'ar Okusfod, wanda ɗaliban lauya suka daɗe suna karanta littattafansa. Yaron ya yi karatu a makarantar Stowe, sa'an nan ya shiga Kwalejin Merton ta Okusfod a 1936 domin ya bi sawun mahaifinsa.

Sai dai a zamansa na jami'a babu wata alama da ta nuna irin mutumin da zai zama. An fi saninsa da son motoci masu gudu, da caca a wurin tseren karnuka, da cin bashi, da neman suna ta kowace hanya. Ya taɓa yin fare da abokansa cewa zai iya zuwa Faris da 'yan kwabbai kawai a aljihunsa, ya kuwa je. A 1936 ya ɗan zauna a Jamus a gidan wani tsohon hafsan jiragen ruwa, har ya halarci wani taro inda Hitila ya yi jawabi, ya kuma ƙi ɗaga hannu ya yi gaisuwar 'yan Nazi kamar yadda kowa ya yi.

Abin kirki guda da ya tsaya a kansa a lokacin shi ne koyon tuƙin jirgin sama a ƙungiyar mayaƙan sama ta ɗaliban jami'ar. Ya sami digirinsa na shari'a a 1939, kafin ya yi wani amfani da shi yaƙi ya ɓarke. Da ya gama horo, a watan Yuni 1940 aka tura shi Rukuni na 102 da ke sansanin Driffield, a arewacin Ingila. Rukuni a nan shi ne tarin jirage kamar goma sha shida zuwa ashirin da ma'aikatansu, a ƙarƙashin kwamanda ɗaya.

Rayuwar 'Yan Jirgin Bom

Kafin a ci gaba da labarinsa, ya kamata mai karatu ya san irin aikin da ya shiga. Duk wanda ya hau jirgin bom da kansa ya kawo kansa, ba a tilasta wa kowa ba. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya kaɗan, wanda ya kai talatin kuwa sai a riƙa kiransa tsoho. Ba 'yan Ingila kaɗai ba ne, akwai dubbai daga Kanada da Ostareliya da Niyuzilan, da 'yan Folan da suka gudo, har da 'yan tsirarun baƙar fata daga tsibiran Karebiyan da Afirka ta Yamma.

Manyan jirage masu inji huɗu, irin su Halifax da Lancaster, mutum bakwai suke ɗauka. Akwai matuƙi, wanda shi ne shugaba ko da wani a ciki ya fi shi muƙami. Akwai injiniya mai lura da injuna da mai, da jagora mai duba taswira da taurari, da mai auna wuri ya saki bom, da mai wayar iska, sa'an nan maharba biyu, ɗaya a gadon bayan jirgi, ɗaya can a wutsiya shi kaɗai. Yadda ake haɗa su ma abin mamaki ne. Sai a tara su duka cikin wata babbar rumfar jirage, a ce kowa ya nemi abokan tafiyarsa. Cikin 'yan sa'o'i mutanen da ba su taɓa sanin juna ba sai su ƙulla amanar da ta fi ta 'yan uwa, domin kuskuren mutum ɗaya ya isa ya kashe sauran shida.

Da dare ake tashi, domin tun farkon yaƙi an gane cewa zuwa da rana kai tsaye kabari ne. Tafiya takan ɗauki sa'a shida zuwa tara, cikin duhu da sanyin da kan kai awo 40 ƙasa da sifiri, har fatar hannu takan manne wa ƙarfe. A ƙasa ga manyan fitilu masu laluben sama, ga bindigogin harbo jirage, a sama kuma ga ƙananan jiragen Jamus masu farautar dare, waɗanda kan laɓaɓo ta ƙarƙashi inda ba a ganinsu. Ƙa'ida ita ce mutum ya kai hari sau 30 kafin a ba shi hutu, daga baya a sake kiransa ya ƙara 20. A lokutan da aka fi shan wuya akan yi hasarar jirgi huɗu ko biyar cikin ɗari a kowane dare, wanda duk ya iya lissafi kuwa ya san abin da wannan ke nufi ga mai jiran cika talatin. A dare ɗaya tak, ran 30 ga Maris 1944, jirgi 95 cikin 795 da suka tafi Nuremberg ba su komo ba. Wanda zuciyarsa ta karye ya ce ba zai sake tashi ba, sai a rubuta masa shaidar ragwanta a takardunsa, a tuɓe masa muƙami, a kawar da shi daga sansani nan da nan don kada ya shafa wa sauran.

Abin baƙin ciki, a shekarun farko yawancin wannan wahala a banza ta tafi. Wani bincike da gwamnati ta sa aka yi a watan Agusta 1941, wanda ake kira Rahoton Butt, ya nuna cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya ne kawai ya zo tsakanin mil biyar da inda aka aike shi. Saboda haka a watan Fabrairu 1942 aka sauya dabara, aka ce tun da ba a iya samun masana'anta, to, a auka wa birnin da take ciki baki ɗaya. A watan nan ne aka naɗa Arthur Harris shugaban rundunar, shi ne kuwa ya riƙe wannan dabara har ƙarshen yaƙi. A Hambug kaɗai, cikin watan Yuli 1943, wuta ta cinye mutum wajen dubu arba'in, yawancinsu farar hula.

Farkon Aikinsa

Da Cheshire ya isa Rukuni na 102 sai aka sa shi mataimakin matuƙi a jirgin Whitley, wani tsohon yayi mai inji biyu da nauyin tafiya. Allah ya haɗa shi da wani matuƙi ɗan Niyuzilan mai suna Long, wanda bai ɗaga masa ƙafa ba ko kaɗan. Ya tilasta masa ya koyi aikin kowane mutum da ke cikin jirgi, ya san inda kowane maɓalli yake ko da an ɗaure masa ido, ya kuma riƙa zama da makanikai yana tambayarsu sirrin injuna. Daga wurinsa ya koyi cewa matuƙin da bai san mutanensa ba bai san jirginsa ba. An kashe Long a 1941, amma Cheshire bai daina ambatonsa da alheri ba har tsufansa.

Ran 12 ga Nuwamba 1940 da dare, bayan ya zama shugaban jirgi, aka aike shi wata matatar mai da ke kusa da birnin Kolon. Gajimare ya rufe wurin, sai ya juya ya nufi tashar jiragen ƙasa ta birnin. Nan harsashin bindigar ƙasa ya same su, ya kunna wata fitilar haska ƙasa da ke cikin jirgin, ta fashe, ta yage gefen jirgin tsawon ƙafa goma, ta kuma ƙone fuskar mai wayar iska. Hayaƙi ya turnuƙe, jirgi ya sunkuya ƙasa. Da ya samu ya daidaita shi, mutanensa kuma suka kashe wutar, maimakon ya zubar da kayansa ya nemi gida, sai ya koma kan tashar ya saki bom, sa'an nan ya lallaɓo da jirgin har Ingila. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta D.S.O., wadda daga baya ya sake samu har sau biyu.

A farkon 1941 ya koma Rukuni na 35, inda aka fara aiki da sababbin jiragen Halifax. A wannan shekara ce aka aike shi Amurka ya ɗauko jirgi, can ya haɗu da wata tsohuwar 'yar wasan siliman mai suna Constance Binney, wadda ta girme shi da shekara 21, ya aure ta cikin gaggawa. Auren bai yi albarka ba, aka raba shi a 1951. A watan Agusta 1941 kuma aka harbo jirgin ƙanensa Christopher a wani hari da aka kai birnin Balin, ya tsira da rai amma ya ƙare yaƙin a tsare. Ko da aka ba Cheshire hutu aka mai da shi malamin matuƙa, bai zauna ba, domin yana cikin waɗanda suka tashi ran 30 ga Mayu 1942, daren da aka tura jirage dubu kan Kolon.

Shugabancinsa

A watan Agusta 1942 aka ba shi Rukuni na 76, wanda a lokacin hasara ta yi masa yawa, mutanensa duk sun karaya. Laifin kuwa har da na jirgin, domin Halifax na wancan lokaci nauyi ya yi masa yawa, ba ya iya hawa sama sosai, saboda haka shi ne ya fi zama abincin bindigogi. Cheshire ya sa aka cire duk abin da ba tilas ba, har da wasu ɗakunan maharba da murafun bututun hayaƙi, jirage suka yi sauƙi, suka ƙara gudu da nisan hawa, hasara ta ragu.

Amma abin da mutanensa suka fi tunawa da shi shi ne yadda ya riƙe su. Ya haddace sunan kowa a sansanin, tun daga matuƙa har makanikai da masu ɗora bom, waɗanda sauran hafsoshi ba su cika kulawa da su ba. Idan an kawo sababbin yara, yakan hau jirginsu ya raka su harinsu na farko. Idan kuma aka zo wurin da kowa ke tsoro, ba ya tura wani ya zauna a ofis, shi ne kan gaba. Mutum ne siriri, mai sanyin murya, ba shi da kamar mayaƙi, amma in ya ƙudura abu babu mai tanƙwara shi.

A watan Maris 1943, yana da shekara 25, aka yi masa gurup-kyaftin, watau daidai da kanar a sojan ƙasa, babu kuwa wanda ya kai shi ƙuruciya a wannan muƙami a duk mayaƙan saman Ingila. Sai dai muƙamin na zaman ofis ne, shi kuwa zaman ya gundure shi. A shekarar ne aka buga littafinsa na farko, Bomber Pilot, inda ya ba da labarin shekarunsa na farko a yaƙi.

Rukuni na 617

Rukuni na 617 shi ne wanda ya yi suna ran 16 ga Mayu 1943, lokacin da Guy Gibson ya jagorance shi suka fasa madatsun ruwa biyu a yammacin Jamus. An yi nasara, amma jirgi 8 cikin 19 sun salwanta da mutum 53. A watan Satumba kuma suka sake yin mummunar hasara a kan wata hanyar ruwa ta Dortmund, inda jirgi biyar cikin takwas suka halaka har da na sabon kwamandansu. A ƙarshen shekarar aka tambayi Cheshire ko zai karɓi rukunin, da sharaɗin a rage masa muƙami ya koma win-kwamanda. Nan take ya amince.

Aikin da aka ɗora wa rukunin shi ne rushe ƙananan wurare masu muhimmanci, yawancinsu a Faransa, inda tilas a kiyaye rayukan mutanen gari tun da ba abokan gaba ba ne. A lokacin akwai wata runduna ta musamman da kan riga sauran jirage isa ta jefa wuta mai launi a matsayin alama, sauran su auna wutar. Amma daga can ƙololuwar sama suke jefawa, iska kuwa takan kwashe alamar, in alama ta kauce to duk bom ya kauce. Cheshire da wani gwanin matuƙi ɗan Ostareliya, Mick Martin, suka ga maganin abin shi ne mai sa alama ya sauko ƙasa ƙasa, ya ga wurin da idonsa, ya ɗora wutar a kan rufin. Manya suka ce wannan kashe kai ne, amma shugaban sashensu, Ralph Cochrane, ya bar su su gwada.

Ran 8 ga Fabrairu 1944 da dare aka gwada a kan wata masana'antar injunan jirage da ke Limoges, wadda Jamusawa ke mora. Ɗaruruwan ma'aikata Faransawa, yawancinsu mata, suna ciki suna aikin dare. Cheshire ya sauko da ƙaton Lancaster dab da rufin, ya ratsa sau uku yana ruri domin su gane su gudu, sai da ya ba su lokaci sa'an nan ya ajiye alamarsa a tsakiyar ginin. Aka ragargaza masana'antar, ma'aikatan kuwa kusan dukkansu suka tsira.

Da ya ga Lancaster ya yi girma da wannan aiki, sai ya roƙi a ba shi Mosquito, wani ƙaramin jirgin katako mai inji biyu da tsananin gudu. Aka ce za a ba shi in ya nuna dabarar tana aiki a birni mai tsaro sosai. Ran 24 ga Afrilu 1944 ya tafi Munik da Mosquito huɗu, da man da da ƙyar zai kai su ya komo da su. Fitilu suka kama shi, harsashi ta ko'ina, ya kutsa har ƙafa 700 daga ƙasa ya sa alama, sa'an nan ya tsaya yana kewaya birnin yana yi wa Lancaster fiye da 200 jagora ta wayar iska. Wajibi ne a faɗa cewa wannan gwaninta da ta ceci matan Limoges ita ce ta ƙone tsakiyar Munik, da gidajen mutane da tsofaffin gine-ginenta. Kaifin wuƙa ɗaya ne, ko a hannun mahauci ko a hannun wanzami.

A daren 5 ga Yuni 1944, jajiberen saukar sojojin taron dangi a Nomandi, rukuninsa ya kwana yana zubar da 'yan siraran takardun ƙarfe a kan teku bisa wani tsari, domin na'urorin Jamusawa su ga kamar ayarin jiragen ruwa ne ya nufo wani wuri dabam. Bayan kwana uku suka rushe hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ƙarƙashin dutse a Saumur da wani sabon bom mai nauyin laba 12,000, wanda Barnes Wallis ya ƙera, suka tare wa tankokin Jamus hanya. Daga nan ya koma amfani da Mustang, jirgin mutum ɗaya, inda shi ne matuƙi shi ne jagora. Ran 6 ga Yuli ya cika hari na ɗari, Cochrane ya kira shi ya ce ya isa haka, ba da shawara ba. A watan Satumba aka ba shi Victoria Cross, lambar da ta fi kowace daraja a sojan Ingila. Bisa al'ada saboda bajinta guda ake bayar da ita, amma shi an ba shi ne saboda shekara huɗu da ya yi yana sa kansa a bakin mutuwa.

Nagasaki

A 1945 yana aiki a ofishin sojan Ingila da ke Washinton, sai gwamnatinsa ta zaɓe shi da masanin kimiyya William Penney su zama shaidunta a wurin jefa bom ɗin nukiliya a Japan. Suka tafi tsibirin Tinian da ke tekun Pasifik. Ran 9 ga Agusta 1945 suna cikin jirgin Amurka mai ɗaukar hoto, wanda ya ɓace wa sauran a hanya, saboda haka daga nesa suka hango walƙiyar da gajimaren da ya tashi a kan Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar mutum wajen dubu saba'in sun mutu a birnin.

A nan ne masu ba da labari suke cewa zuciyarsa ta juya. Shi kuwa ya sha musanta haka. A littafin da ya rubuta a 1985 kan wannan al'amari, The Light of Many Suns, ya tsaya a kan cewa bom ɗin ya gajarta yaƙi, ya kuma hana mutuwar da ta fi wannan yawa in da an shiga Japan da ƙafa. Masana tarihi har yau suna jayayya a kan wannan hujja, mutane da yawa kuma ba su karɓe ta ba, amma wannan shi ne ra'ayinsa, bai kuwa sauya ba.

Gidan Le Court

A watan Janairu 1946 ya bar soja saboda gajiyar yaƙi ta taɓa lafiyarsa. Yana da shekara 28, ga suna ga lambobi, amma bai san abin da zai yi da ransa ba. Ya yi ƙoƙarin kafa wata al'umma ta tsofaffin sojoji da iyalansu, inda za su zauna tare su yi noma da sana'a su raba abin da aka samu. Aka fara a Gumley Hall, aka koma wani tsohon gida mai ɗakuna da yawa a lardin Hampshire, mai suna Le Court, wanda ya saya daga wata gwaggonsa. Shirin ya wargaje, mutane suka watse, suka bar shi da kangon gida da bashin dubban fam.

Yana cikin wannan hali, a watan Mayu 1948 aka aiko masa daga wani asibiti da ke kusa cewa wani dattijo, Arthur Dykes, wanda ya taɓa kiwon aladu a al'ummar tasa, yana fama da ciwon daji, likitoci sun cire rai, ana bukatar gadonsa, ba shi kuma da kowa. Cheshire ya yi ta neman wurin da za a karɓe shi bai samu ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauko shi ya kawo shi gida, ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta koya masa yadda ake wanke majiyyaci da juya shi da gyara masa shimfiɗa. Haka mai Victoria Cross ya zauna yana kwashe bayan gidan wani tsoho har ya cika a watan Agusta. Dykes ɗan ɗariƙar Katolika ne, natsuwar da ya nuna a gaban mutuwa kuwa ta ratsa Cheshire, wanda a da bai damu da addini ba. A jajiberen Kirsimeti na 1948 ya shiga ɗariƙar.

Kafin nan an riga an kawo masa wata tsohuwa da ta haura shekara tasa'in, bayanta wasu suka biyo, masu tarin fuka da shanyayyu da waɗanda asibitoci suka sallama. Bai tsara komai ba, bai kuma tanadi kuɗi ba, sai dai duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa. A 1951 aka buɗe gida na biyu a Cornwall. A 1952 shi kansa tarin fuka ya kama shi, ya yi fiye da shekara biyu a asibitin Midhurst, aka yi masa aiki sau da dama har ya rasa huhu ɗaya. Wannan kwanciya ta tilasta masa ya miƙa gidajen ga kwamitocin mutanen gari, abin da ya zama tsarinsu daga baya, watau kowane gida jama'ar wurin ne ke riƙe da shi.

A ƙarshen 1955 ya tafi Indiya, aka kafa gida kusa da Bombai. A can ne ran 5 ga Afrilu 1959 ya auri Sue Ryder, wadda ita ma ta yi suna wajen taimakon waɗanda suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi. Suka haifi 'ya'ya biyu, suka kuma kafa wata cibiya a Dehradun domin kutare da marasa galihu. Gidajen suka bazu har Afirka, ciki har da Ibadan da Legas da Hartum. Lokacin rasuwarsa sun haura 250 a ƙasashe kusan 50.

Aikin bai rasa masu suka ba. A shekarun 1960 mazauna Le Court da kansu suka tayar da ƙayar baya, suka ce ba su yarda a riƙa yanke musu lokacin barci da fita kamar yara ba, suna son a sa su cikin masu gudanar da gidan. Ɗaya daga cikinsu, Paul Hunt, ya bar gidan, a 1972 ya yi kiran da ya haifar da wata ƙungiyar naƙasassu mai cewa keɓe su a gidaje na musamman shi kansa zalunci ne. Wannan ra'ayi ya yi tasiri ƙwarai a kan yadda ake kallon naƙasa a Ingila, har ƙungiyar da Cheshire ya kafa ta sauya hanyoyin aikinta da yawa.

Kammalawa

A 1981 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ta Order of Merit, a 1991 kuma aka sa shi a Majalisar Dattawan Ingila. A lokacin wata cuta mai kashe jijiyoyin motsi ta fara cin jikinsa. Ran 31 ga Mayu 1992 aka buɗe mutum-mutumin Arthur Harris a Landan, cikin zanga-zangar masu cewa bai kamata a girmama wanda ya ƙone biranen Jamus ba. Likitoci suka hana Cheshire zuwa, amma ya je. Dalilinsa kuwa shi ne samarin nan dubu hamsin da biyar, waɗanda bayan yaƙi hukuma ta ji kunyar aikin da ita ta sa su, ta ƙi yi musu lambar yabo ta kansu. Sai a 2012 aka gina musu wurin tunawa a Landan, shekara ashirin bayan mutuwarsa. Ya rasu ran 31 ga Yuli 1992 a ƙauyen Cavendish, wata biyu cif bayan wancan taro, yana da shekara 74.

To, wanda ya nemi ya raba rayuwar wannan mutum gida biyu, ya yabi rabi ya jefar da rabi, zai sha wuya, domin shi bai raba ta ba. Matuƙin da ya haddace sunayen makanikai shi ne ya zauna a gefen gadon Dykes, wanda kuma ya ratsa rufin Limoges sau uku don mata su tsira shi ne ya sa wa Munik alama. Ana iya ƙin hujjarsa a kan Nagasaki, akwai kuwa dalilai masu ƙarfi na ƙin ta, amma ba a iya cewa ya ɓuya a bayan wani ko ya aiki wani inda shi ba zai je ba. Mutanen da suka mutu a ƙarƙashin bama-bamansa da waɗanda suka rayu a gidajensa duk suna cikin lissafinsa, hukuncin wannan lissafi kuwa yana wurin Mai sama.